Matoshin Gangar Inji: Asalinsa, Lalacewarsa da Yadda Ake Sauya Shi a Wuri Mai Wuyar Kaiwa

Gabatarwa

A cikin ɗaruruwan kayayyakin da ake harhaɗawa a yi injin mota, da wuya a sami wanda ya kai matoshin gangar inji arha da rashin kwarjini. Wani ɗan faifan ƙarfe ne mai kama da murfin gwangwani, wanda faɗinsa bai cika kai na bakin kofin shayi ba. Ba ya juyawa, ba ya motsi, ba ya ƙara. Amma ranar da ya huje, ruwan da ke sanyaya inji zai tsiyaye, zafi ya hauhawa, kuma in direba bai lura da wuri ba, injin da aka saya da kuɗi masu yawa yana iya bugawa cikin 'yan mintoci. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne, sau da yawa matoshin da ya huje yana can cikin wani lungu ne inda hannu ba ya kaiwa, ido ma ba ya gani sai da taimakon madubi.

Wannan darasi zai bayyana dalilin da ya sa ake samun waɗannan matosai a jikin inji, da abin da ke lalata su a ƙasashe masu zafi, da kuma matakan da bakanike ke bi wajen sauya wanda ke wuri mai wuya. Ɗalibi zai tarar cewa kowane mataki yana da tushe a darussan kimiyyar da ake koya masa a aji.

Me Ya Sa Inji Ke Bukatar Ruwa?

Injin mota yana samun ƙarfinsa ne daga ƙona mai a cikin silinda. A lokacin da gaurayen fetur da iska ya kama wuta, zafinsa kan haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas. Wannan zafi ya wuce wanda ke narkar da ƙarfen zubi, wato kimanin digiri 1,200, ya kuma ninka wanda ke narkar da alminiyam, wato digiri 660, har sau uku. Ba dukkan ƙarfin da ke cikin mai ne ke juya ƙafafun mota ba. A ƙiyasin da aka saba koyarwa, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke zama aiki, kashi ɗaya ya fita da hayaƙi ta salansa, sauran kashi ɗayan kuma dole ne a kwashe shi daga jikin inji.

Ruwa ne ke wannan kwasa, domin yana da ikon ɗaukar zafi fiye da yawancin abubuwa masu gudana. Kafin zafin kilogiram 1 na ruwa ya ƙaru da digiri 1, sai ya sha kimanin jul 4,200 na makamashi, alhali kilogiram 1 na ƙarfe kimanin jul 450 kawai yake bukata. Saboda haka aka yi wa gangar inji, wadda makanikai ke kira bulok, wasu koguna a cikin jikinta da ke kewaye kowace silinda. Famfon ruwa yana tura ruwa ta cikin waɗannan koguna, ruwan ya ɗebi zafi, ya bi tiyo zuwa lagireto, iska ta sanyaya shi, sannan ya komo. Akwai motocin da ba su da wannan tsari, kamar Volkswagen Beetle wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, domin iska ce ke sanyaya injinta kai tsaye. Amma Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a wannan shekarar, da kusan dukkan motocin da ke kan titi a yau, da ruwa suke aiki.

Asalin Ramukan

Tambayar da ya kamata mai karatu ya yi ita ce: ta yaya aka yi koguna masu lanƙwashe-lanƙwashe a cikin dunƙulen ƙarfe guda, inda babu wani kayan aiki da zai iya shiga ya sassaƙa su? Amsar tana wajen masu zubi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyam a kasuwa ya ga tushen wannan fasaha. Sukan danna yashi mai ɗan danshi a jikin tsohuwar tukunya, ciki da waje, su zare tukunyar, sai siffarta ta saura a cikin yashin. Daga nan su kwarara narkakken alminiyam a gurbin, in ya huce su fasa yashin, sabuwar tukunya ta fito. Yashin da ya cika cikin tukunyar shi ne ya hana ƙarfe shiga wurin, shi ya sa ta fito da rami.

Haka ake zubin gangar inji a masana'anta, sai dai aikin ya fi wannan sarƙaƙiya. Akan cura yashi da wani abu mai danƙo, a yi masa siffar kogunan ruwan da ake so, a jira ya taurare, sannan a sa shi a tsakiyar mazubi. Idan aka kwarara narkakken ƙarfe mai zafin kimanin digiri 1,400, sai ya kewaye curin yashin ta kowane ɓangare. A nan ne matsaloli uku ke tasowa. Na farko, curin yashin ya fi narkakken ƙarfe rashin nauyi, don haka zai taso sama ko ya goce in ba a riƙe shi ba. Na biyu, danƙon da ke cikinsa yana ƙonewa ya fitar da iska, wadda ke bukatar mafita. Na uku, bayan ƙarfe ya huce, dole a sami hanyar zazzage yashin daga ciki. Maganin duka ukun ɗaya ne: akan yi wa curin yashin ƙafafu masu ratsa bangon ganga su kai ga mazubin waje. Ƙafafun su ne ke riƙe shi, ta cikinsu iska ke fita, kuma in an gama, ramukan da suka bari su ne ƙofofin fitar da yashi. Bayan an wanke gangar, sai a gyara bakin kowane rami da na'ura ya zama da'ira sosai, a toshe shi da faifan ƙarfe. Wannan faifai shi ne matoshin gangar inji. Tun ran gini ran zane: wurin da kowane matoshi yake, bukatar mai zubi ce ta ajiye shi a can, ba sauƙin bakaniken da zai zo gyara bayan shekaru ba. Wannan ne ya sa wasu ke faɗawa a bayan wasu kayayyaki inda kaiwa gare su ke da wuya.

Batun Ƙanƙara

A Amurka an fi sanin wannan abu da wani suna mai ma'anar matoshin daskarewa, kuma sunan ya sa mutane da yawa suna zaton an yi shi ne musamman don ya kare inji daga ƙanƙara. Akwai ɗan dalili a cikin wannan zato. Yawancin abubuwa suna tsukewa in sun daskare, amma ruwa ya saɓa. Yana tsukewa ne har zuwa kimanin digiri 4, daga nan ya fara buɗewa, kuma in ya zama ƙanƙara a digiri 0, girmansa kan ƙaru da kimanin kashi 9 cikin 100. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin ruwa suna jeruwa a cikin ƙanƙara bisa wani tsari mai kusurwa shida wanda ke barin fili a tsakaninsu. Shi ya sa ƙanƙara ke yawo a saman ruwa, kuma shi ya sa kwalbar da aka cika taf aka rufe aka sa a firiza take fashewa.

A ƙasashe masu tsananin sanyi, ruwan da ya kwana a cikin inji yakan daskare, kuma wani lokaci ƙanƙarar kan turo matoshi waje. Amma wannan ba kariya ba ce da za a dogara da ita, domin ƙanƙara tana matsa kowane bango da ke kusa da ita ne, ba ta neman inda matoshi yake. Sau da yawa gangar kan tsage ko da matosai sun fita. A ƙasar Hausa kuwa, ko a tsakiyar hunturu sanyin dare ba ya kai ga daskarar da ruwa, sai dai can cikin Sahara da kan duwatsun Azbin. Duk da haka matosai suna hujewa a Kano da Maraɗi da Sakkwato kamar yadda suke yi ko'ina. Ashe ke nan abin da ke cin su a nan daban yake.

Yadda Matoshi Ke Riƙe Kansa

Kafin a zo ga abin da ke lalata shi, ya kamata a san yadda yake zama a raminsa, tun da ba a ɗaure shi da noti ba, ba a kuma yi masa walda ba. Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko mai siffar kofi ne, wato faifai mai ɗan gefe a tsaye. Akan yi shi ya ɗara ramin faɗi da ɗan abin da bai kai rabin milimita ba, don haka sai an buga shi yake shiga, kuma in ya shiga, gefensa yana ta ƙoƙarin komawa girmansa na asali, yana danna bangon ramin. Gogayyar da ke tsakanin ƙarafan biyu ita ce ke riƙe shi. Na biyu faifai ne mai ɗan tudu a tsakiya kamar faranti a kife. Akan zaunar da shi a kan wani ɗan dakali da ke cikin ramin, tudun yana kallon waje, sannan a bugi tsakiyarsa. Da tudun ya lotsa, sai gefen ya buɗe ya kama bango. Wannan iri na biyu ana kiransa da sunan Welch, wato 'yan'uwan da suka ƙirƙiro shi a kamfaninsu na ƙera motoci a jihar Mishigan ta Amurka a farkon ƙarni na 20.

Wane irin ƙarfi matoshi ke jurewa? Murfin lagireto yana riƙe matsi na kimanin ba 1 a cikin hanyoyin ruwa, domin matsi yana ɗaga zafin tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa kimanin 120. Matsin ba 1 daidai yake da Niyuton 10 a kan kowace santimita murabba'i. Idan faɗin matoshi milimita 40 ne, rabin faɗinsa santimita 2 ke nan, filinsa kuwa 3.14 × 2 × 2, wato kimanin santimita murabba'i 12.6. Ƙarfin da ke tura shi waje zai zama Niyuton 126, kusan nauyin kilogiram 13. Wannan ba wani abu ba ne ga matoshin da ya zauna daidai. Amma wanda aka saka a karkace, ko wanda ya yi wa ramin ƙanƙanta, wannan turi tare da girgizar inji ya isa ya cillo shi waje a tsakiyar tafiya, ruwa ya zube gaba ɗaya.

Tsatsa

Babban abokin gabar matoshi shi ne tsatsa. Tsatsa tana samuwa ne in ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin, kuma zafi yana hanzarta ta, haka ma gishirin da ke narke a cikin ruwa. Inji mai aiki da ruwan rijiya ko na famfo zalla ya tara dukkan waɗannan sharuɗɗa. Bugu da ƙari, a cikin hanyoyin ruwa akwai ƙarafa iri-iri, kamar ƙarfen zubi da alminiyam da jan ƙarfe. Idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu a cikin ruwa mai gishiri, sukan zama kamar ɗan ƙaramin batir, ɗayansu ya riƙa cinyewa. Wannan ita ce ƙa'idar da Alessandro Volta na Italiya ya yi amfani da ita ya haɗa batir na farko a 1800.

Tsatsa tana cin ganga da matoshi duka, amma kaurin matoshi bai cika wuce milimita 1 zuwa 2 ba, bangon ganga kuwa ya ninka haka sau da yawa. Don haka matoshi ne ke riga hujewa. Masana'antu sukan lulluɓe shi da tutiya, kamar yadda ake yi wa kwanon rufi, domin tutiyar ta cinye kafin ƙarfen, amma lulluɓin yana ƙarewa. Har ila yau, garin tsatsa da dattin ruwa sukan kwanta a ƙasan koguna su zama laka a bayan matosai, su riƙa cin su daga ciki. Shi ya sa matoshi kan yi kyau a ido daga waje alhali saura ƙiris ya huje.

Gano Inda Ruwa Ke Fita

Alamar farko ita ce ruwan lagireto ya riƙa raguwa ba tare da an ga dalili ba. Bakanike mai hankali ba ya saurin ɗora wa matoshi laifi, domin tiyo da famfon ruwa da gasket ɗin kan inji duk suna iya yoyo, kuma ruwa yana gangarowa ya ɗiga nesa da inda ya fito. Akan wanke inji a bar shi ya bushe, sannan a ɗaura wani ɗan famfon hannu a bakin lagireto a hura masa matsi daidai da wanda aka rubuta a murfin, injin yana kashe kuma a sanyaye. Daga nan a bi jikin ganga da tocila da ɗan madubi, ana neman jan layin tsatsa ko ɗigon ruwa. Idan ruwan yana fitowa ne daga mahaɗar inji da giyabos, kuma babu inda yake gangarowa daga sama, to akwai alamar matoshin da ke bayan ganga ne ya huje.

Kaiwa Ga Wurin

Kafin a taɓa komai, akwai ƙa'idoji huɗu na kiyaye lafiya. Ba a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, domin da matsi ya sauka, ruwan da ya haura digiri 100 zai tafasa nan take ya yi tsiri. Akan cire wayar batir ta ɓangaren da ke haɗe da jikin mota, musamman in za a yi aiki kusa da kik. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke ɗauke da ita, sai an tokare ta da abin da ba zai goce ba. Sannan akan tari ruwan inji a mazubi a kawar da shi daga inda yara da dabbobi suke, domin sinadarin da ake gaurayawa a cikinsa yana da zaƙi a baki amma guba ne mai lalata ƙoda.

Matosan da ke da wuya sukan kasance a wurare huɗu: a ƙarƙashin bututun da ke tattara hayaƙi daga silindoji, a bayan kik, a bayan ƙafar inji, wato ƙarfe da robar da inji ke zaune a kansu, da kuma a bayan ganga inda giyabos ya rufe. Uku na farko ana kai musu ta hanyar kwance abin da ya tare su. Wani lokaci cire taya da murfin da ke bayanta yakan buɗe hanya miƙaƙƙiya zuwa gefen inji. In ƙafar inji ce ta tare, sai a sa katako a kan jak a ɗan tallafi injin daga ƙasa, sannan a kwance ƙafar. Na huɗun kuwa ba shi da gajeriyar hanya. Dole a sauke giyabos, a cire kuloci da babban faifan ƙarfe mai haƙora da ke bayan inji, ko kuma a ɗaga injin gaba ɗaya. A nan ne kuɗin aiki ke ninka kuɗin matoshi sau da yawa. Saboda haka in an riga an sha wannan wahala, hikima ita ce a sauya dukkan matosan da suka bayyana, domin ruwa ɗaya suka sha, shekarunsu kuma ɗaya.

Cire Tsohon Matoshi

Kuskuren da sabon shiga ke yi shi ne ya bugi tsakiyar matoshi mai siffar kofi. Yin haka ko dai ya huda ruɓaɓɓen ƙarfen, ko ya tura matoshin gaba ɗaya cikin kogon ruwa. Abin da ya dace shi ne a ɗora sandar ƙarfe mai dakusasshen baki a gefe guda daga cikin kofin, a riƙa bugawa a hankali. Da gefen nan ya shiga, ɗaya gefen zai leƙo waje, domin matoshin yana juyawa ne a kan tsakiyarsa kamar ƙyauren da aka kafe a tsakiya. Sai a kama gefen da ya leƙo da filaya a zaro shi. In wurin yana da nisa, akan yi amfani da doguwar sanda a bugo daga ƙasan mota ko daga gurbin taya.

Inda babu filin lilo da guduma, akan huda ɗan rami a jikin matoshin, a ɗaura kusa mai zare, sannan a ɓanɓaro shi da sanda ana jingina ta a jikin ganga. Tsawon sandar yana ninka ƙarfin hannu, kamar yadda aka koya a darasin sauƙaƙan na'urori. Abubuwa biyu ake kiyayewa a nan. Na ɗaya, bangon silinda yana kusa ƙwarai a bayan wasu matosai, don haka ba a zurfafa huda ko bugu. Na biyu, ba a yarda wani kaifi ya karci bakin ramin, domin ƙarci ɗaya mai zurfi zai zama hanyar ruwa ko da an sa sabon matoshi. Idan tsohon ya faɗa ciki, akan jawo shi da maganaɗisu ko lanƙwasasshiyar waya, a juya shi ta gefe a fitar. Ba a barinsa a ciki, don yana iya tare hanyar ruwa.

Saka Sabo

Da farko akan kwashe lakar da ke bayan ramin, a kwarara ruwa har ya fito garau, sannan a goge bakin ramin da samfefa mai laushi har ƙarfe ya yi haske, a bar shi ya bushe. Akan auna ramin da ma'auni mai nuna ɓangarorin milimita, domin tsohon matoshin da ya lanƙwashe ba abin dogaro ba ne wajen awo, kuma wasu injuna da inci aka auna su, wasu da milimita. Akwai matosan ƙarfe, akwai na tagulla, wato gaurayen jan ƙarfe da tutiya. Na tagulla sun fi tsada amma ba sa tsatsa, don haka sun dace da wurin da ba a son komawa. Sai dai maganaɗisu ba ya kama su in sun faɗa ciki.

Akan shafa ɗan siririn man liƙi mai jure zafi a gefen matoshin, a daidaita shi a bakin rami, sannan a sa soket, wato kan sifana mai kama da kofi, wanda ya shiga cikin matoshin da ɗan sarari. Sararin yana da muhimmanci, domin matoshi yana tsukewa in ya shiga, kuma zai iya cije soket ɗin da ya cika shi. Sai a riƙa bugawa kaɗan-kaɗan ana dubawa da madubi, a tabbata yana shiga a miƙe. Akan tsaya in bakinsa ya yi daidai da fuskar ganga ko ya ɗan shige kaɗan. Wanda ya karkace ko ya lotse, cire shi ake yi a ɗauko wani. A wuri mai nisa akan haɗa soket da doguwar sanda, akwai ma kayan aiki na musamman mai kai mai lanƙwasuwa, wanda ke ba da damar bugu daga gefe.

Wasu sukan sa matoshi a firiza kafin su saka shi, wai don ya tsuke. Lissafi zai nuna iyakar amfanin wannan dabara. Ƙarfe yana tsukewa da kimanin kashi 12 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri. Idan aka sauke zafin matoshi mai faɗin milimita 40 daga digiri 30 zuwa digiri 18 ƙasa da sifili, bambancin digiri 48 ne, tsukewar kuwa 40 × 48 × 0.000012, wato kimanin milimita 0.02. Wannan ɗan kaɗan ne, kuma siririn ƙarfe yana ɗumama da zarar ya taɓa hannu ko ganga.

Inda guduma ba za ta shiga ba ko kaɗan, akwai matoshin roba. Roba ce mai kauri a tsakanin faifan ƙarfe biyu, da noti a tsakiya. In aka tura shi cikin rami aka ɗaure notin, faifan suna matse robar, ita kuma ta buɗe ta gefe ta cika ramin. Sifana kaɗai yake bukata, don haka yana fitar da matafiyi daga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Amma zafi yana taurara roba da daɗewa, saboda haka ya kamata a riƙa duba shi, a kuma maye gurbinsa da na ƙarfe in dama ta samu. Zuba ɗanyen ƙwai ko garin barkono a lagireto kuwa, ko da ya tsayar da ɗigo na ɗan lokaci, bai hana tsatsar ci gaba ba, kuma yana iya toshe ƙananan bututun lagireto.

Bayan an mayar da duk abin da aka kwance, sai a cika ruwa, a fitar da iskar da ta maƙale, a sake gwada matsi, sannan a tayar da inji har ya ɗauki zafi ana lura da wurin.

Rigakafi

Tun da tsatsa ce tushen matsalar, maganinta yana cikin abin da ake zuba wa lagireto. Ruwan sanyaya inji da ake sayarwa, mai launin kore ko ja ko shuɗi, yawanci gaurayen ruwa ne da sinadarin etilin gilaikol. In an gauraya su rabi da rabi, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai kimanin digiri 37 ƙasa da sifili, wanda ya sa wasu direbobi ke ganin ba shi da amfani a ƙasa mai zafi. Amma yana ɗaga zafin tafasa zuwa kimanin digiri 107 tun kafin a sa matsi, kuma mafi muhimmanci, yana ɗauke da sinadaran da ke hana ƙarfe tsatsa. Waɗannan sinadarai suna ƙarewa a hankali, don haka ake sauya ruwan a wa'adin da masu ƙera motar suka rubuta. Ba a zuba gilaikol zalla, domin bai kai ruwa iya ɗaukar zafi ba. In kuma za a gauraya, tataccen ruwa marar gishiri ake nema.

Gwaji Don Aji

Malami zai iya nuna wa ɗalibai abin da ke faruwa a cikin inji da kayayyaki masu sauƙi. A samo kwalabe uku da ƙusoshi uku, a goge ƙusoshin da samfefa. A zuba ruwan rijiya a kwalba ta farko, ruwa mai gishiri a ta biyu, gaurayen ruwan sanyaya inji a ta uku, a jefa ƙusa ɗaya a kowace. A ajiye su inda yara ƙanana ba za su kai ba, ɗalibai su riƙa rubuta abin da suka gani kullum har mako biyu. Haka kuma a cika robar ruwa zuwa wani layi, a sa a firiza a tsaye ba murfi, a auna inda ƙanƙarar ta kai washegari.

Tambayoyi

1. Kawo dalilai uku da suka sa mai zubi ke barin ramuka a jikin gangar inji.
2. Lita 6 ta ruwa ta daskare. Nawa ne girman ƙanƙarar da za a samu?
3. Lissafa ƙarfin da ke tura matoshi mai faɗin milimita 50 in matsin ruwa ba 1 ne.
4. Me ya sa ake bugun gefen tsohon matoshi mai siffar kofi in za a cire shi, amma ake bugun tsakiyar mai siffar faranti in za a saka shi?
5. Bayyana amfanin ruwan sanyaya inji ga motar da ke aiki a garin da ruwa ba ya daskarewa.